Gudu da Kare a Dajin Gidan Katta: Waya Ta Yi Lissafi, Kada Ta Yi Shela

Mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ba zai rasa cin karo da irin bidiyon nan ba: Bature ko Baturiya da ɗamara a ƙugu, igiya mai talewa ta haɗa ɗamarar da ƙirjin kare, karen na gaba yana ja, mai shi na baya yana sheƙa gudu a wata siririyar hanya cikin kurmi. Kafin bidiyon ya ƙare sai a haska fuskar agogo ko ta waya, a nuna kilomita nawa aka ci, cikin minti nawa, da taswirar duk inda aka bi. A Turai wasan yana da suna, kanikuros, yana da ƙungiyoyi da gasa, kuma ya samo asali ne daga masu karnukan jan kaya a kan ƙanƙara, da suke neman hanyar motsa karnukansu a watannin da ƙanƙarar ta narke.

Matashin Gidan Katta, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, idan ya kalli wannan, da wuya ya ga sabon abu in ban da igiyar da agogon. Da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya kama, samarin ƙasar Hausa kan fita farauta da karnukansu, gora a hannu, a bi zomo da gafiya da kurege a guje, wani lokaci tun hantsi har la'asar. Kakanni sun yi, iyaye sun yi, babu wanda ya taɓa ƙirga musu taku. Abin da ya sauya shi ne, yanzu a aljihun saurayin akwai Tecno ko Infinix ko itel da za ta iya ƙirgawa, ta zana, ta kuma baza wa duniya.

Gudu da kare a bayan gari abu ne da ya kamata matasa su riƙe, ko da babu zomon da za a kamo. Waya ma tana da gurbi a cikinsa, amma gurbin magatakarda: ta rubuta, ta ajiye, ta yi shiru. A gari irin Gidan Katta da ke bakin iyaka, ranar da aka mai da ita jagora ko mai shela, ranar aka fara wasa da ran mai gudun da na karensa.

Me ke cikin gudun da har ake sonsa?

Duk mai motsa jiki ya san farawa ba ta da wuya, ɗorewa ce aiki. Masu ƙera manhajojin motsa jiki ma sun sani, shi ya sa suke turo tunatarwa, suna raba lambobin yabo na hoto, suna ƙirga kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba. Sai dai saƙon tunatarwa da ɗan yatsa ɗaya ake share shi a koma barci. Karen da ya saba fita bayan sallar asuba kuwa ba ya sharuwa. Zai tsaya a ƙofar gida yana kaɗa wutsiya yana kuka ƙasa-ƙasa har sai an fito. Abokin gudu ɗan Adam zai ce yau mura, gobe biki, jibi Lahadi ce zai ci kasuwar Illela. Kare ba shi da kasuwa.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin jini. A 2012 wani masani ɗan Amurka, David Raichlen, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa mutane da karnuka da wata 'yar dabba mai kama da tunku, wadda ba ta saba dogon gudu ba, sun yi gudu a kan injin motsa jiki, sannan suka auna jininsu. A jinin mutanen da na karnukan, wani sinadari da jiki ke samarwa da kansa, mai kawo natsuwa da rage jin ciwo, ya ƙaru bayan gudun. A jinin 'yar dabbar bai ƙaru ba. Tafiya a hankali ma ba ta ƙara shi ba. Ke nan nishaɗin da mai gudu ke ji bayan rabin awa, karen da ke gefensa na jin irinsa. Halittu biyu ne da dogon gudu ke yi wa daɗi, suka haɗu a hanya ɗaya.

Ita kanta hanyar tana da nata amfanin. Burtali da hanyar gona da gefen fadama sun fi kwalta sauƙi ga ƙafa, kuma babu hayaƙin tirela ko kabu-kabun da zai kwashe mutum. Zakarun dogon gudu na Kenya da ke atisaye a garin Iten, mafi yawan gudunsu a kan jar ƙasa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Gudun minti 25 sau uku a mako ya biya wannan bashin, ba tare da an biya kowa kuɗin shiga ɗakin motsa jiki ba.

Sai kuma hanci da kunne. Hancin kare ya ninka na mutum nesa ba kusa ba, kuma yana jin sautin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Karen da ya tsaya cak ya miƙe kunnuwa ya isar da saƙon da babu manhajar da za ta turo: akwai wani abu a gaba, kububuwa ce, garke ne, ko mutum. Mai gudun da ya toshe kunnuwansa da waƙa ya jefar da wannan saƙon. A daji, abin sauraron kunne zamansa a aljihu ya fi.

Kare a idon gari

Wani zai ce kare ai ba abokin Bahaushe ba ne. Gaskiya ne Bahaushe ba ya kwana ɗaki ɗaya da kare, ba ya sa masa riga, ba ya sumbatarsa kamar yadda ake gani a bidiyon Turawa. Amma malamai sun daɗe da bayyana halaccin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa, kare mai rai ba najasa ba ne. Maganar da ake yi a nan ta karen aiki ce, wanda dama yana gidan ko yana garken, kuma gudun ma wani ɓangare ne na kula da shi. Mai son cikakken hukunci, malaman garinsu suna kusa.

Ba a kuma buƙatar sayo karen ƙasar waje. Dogon karen nan siriri mai suna Azawak, da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali da Burkina Faso, ya ci sunan kwarin da ke arewa da Tawa, jihar da ta yi iyaka da Illela. A 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin jinsunan da take yi wa rajista. Karnukan gida na wannan yanki, masu gajeren gashi da dogayen ƙafafu, sun fi duk wani karen Turai mai kaurin gashi dacewa da ranar Sakkwato.

Aikin da waya ta iya

Da yawa ba su san cewa GPS ba ya cin data ba. Taurarin ɗan'adam na wannan tsari suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa suna aiko da saƙo, waya saurare kawai take yi. In ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu, za ta lissafa inda take, ko da babu sabis, ko da babu layi a cikinta. Saboda haka ana iya sa waya a yanayin jirgin sama, a bar alamar wuri a kunne, manhaja irin Strava ko Adidas Running ko Samsung Health ta ci gaba da auna nisa da sauri. Batir zai daɗe, data ba za ta taɓu ba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane megabait abin tattali ne.

A bakin iyaka akwai ƙarin dalili. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, kuma turakun sadarwa ba su san iyaka ba. Wayar da aka bari ta zaɓi sabis da kanta tana iya sakin MTN ko Airtel ko Glo ta damƙi na Nijar, kuɗin da ke ciki ya sulale mai ita bai sani ba. Maganin shi ne a shiga saiti a zaɓi kamfanin da hannu, a kashe amfani da data a ƙetare.

Karen da ya hango zomo shi ma bai san iyaka ba, kuma a cikin daji babu katangar da za ta tsayar da shi. An rufe wannan iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Matashin da jami'an tsaro suka tsinta a guje a ɓarauniyar hanya da duku-duku, zai sha bayani kafin a yarda ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne. Taswirar da aka sauke tun a gida, ta Google Maps ko Organic Maps, tana nuna layin iyakar ba tare da intanet ba. Wannan aiki ne da waya ta fi kare iyawa.

Shi kuwa agogon zamani, a yi tambaya kafin a saya. Da yawa daga cikin masu araha ba su da GPS na kansu. Ko dai su jingina da na waya, ko su ƙiyasta nisa daga lilon hannu, kuma hannun da ke riƙe da igiyar kare ba ya lilo yadda suke zato. Taku 10,000 ɗin nan da suke kafa wa mutum a matsayin farilla ma, daga tallar wata na'urar ƙirga taku da aka fitar a Japan a 1965 ya samo asali.

Taswirar da ke tona asiri

A ƙarshen 2017 kamfanin Strava ya fitar da taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da manhajarsa suka fi bi. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu layuka masu haske a tsakiyar duhu a Siriya da Afganistan. Ashe sojoji ne ke gudun motsa jiki suna kewaya sansanoninsu da manhajar a kunne, suka zana wa duniya siffar sansanonin da hannunsu. A Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna cewa ta hanyar gudun da masu tsaron lafiyar Emmanuel Macron da Joe Biden da Vladimir Putin ke ɗorawa a wannan manhaja, ana iya gano inda shugabannin ke sauka. Babu wanda ya yi musu kutse. Su suka ɗora.

Idan haka ta faru da masu tsaron shugabannin ƙasa, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Jihar Sakkwato ta san darajar bayani a hannun mugu. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar domin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaron Najeriya ta sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a yankunan Sakkwato da Kebbi da ke kusa da iyaka. A irin wannan yanayi, taswirar gudu ɗaya tana faɗin abu huɗu: ƙofar gidan da aka fito, ƙarfe nawa ake fita, ta ina ake bi, da kuma cewa mai gudun shi kaɗai ne da karensa. Taswira goma a jere sun zama jadawali. Abin da ɗan rahoto zai kwana bakwai yana leƙe kafin ya haɗa, an miƙa masa kyauta, har da kala.

Gyaran ba ya ɗaukar minti biyar. A saitin sirri na manhajar, a mai da kowane gudu ya zama mai shi kaɗai ke gani. A kunna zaɓin da ke ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ko a ɓoye taswirar baki ɗaya. A cire amincewar da ke ba kamfani damar zuba bayanan cikin taswirarsa ta duniya. A hana kamara liƙa wuri a jikin hoto. Kada a karɓi mabiyin da ba a san fuskarsa ba. Bidiyon sitatus ko na TikTok ma, kukar da ta fito a bayan mutum ko rijiyar da ya wuce sun ishi ɗan gari gane wurin, don haka in za a ɗora, a bari sai an dawo gida. A riƙa sauya hanya da lokaci, kuma kada a yi nisan da ihu ba zai kai gari ba.

Mutum ɗaya ne ya kamata ya san hanyar: yaya, ko baba, ko amini. WhatsApp na ba da damar nuna wa mutum inda ake kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, amma wannan yana buƙatar sabis da data. Inda babu su, tsohuwar hanya na nan: a faɗa da baki kafin a fita, "Na bi ta gabas, in rana ta ɗaga ban dawo ba a biyo sawu."

Masu cewa ɗora gudu a intanet ne ke ƙara musu ƙwazo suna da gaskiyarsu. Yabon abokai na tayar da mutum daga shimfiɗa. To a ɗora lambobin, a bar taswirar. Kilomita 6 cikin minti 35 ya isa alfahari a zauren WhatsApp na abokan da aka sani ido da ido, kuma ba ya nuna wa kowa hanya.

Agogo ba ya jin ƙishin kare

Haɗari na biyu ya fi na farko kusa. Mutum yana sanyaya jikinsa da gumi daga kai har ƙafa. Kare kuwa da haki yake fitar da zafi, guminsa kaɗan ne, a tafin ƙafa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, alhali zafin jikin kare mai lafiya bai wuce 38 zuwa 39 ba, in ya haura 41 kuwa rai ake magana. Kare ba zai ce ya gaji ba. Zai bi mai shi har ya faɗi.

A nan ne lambobi ke zama guba. Saura mita 800 a cika kilomita 10, ko saura kwana ɗaya a cika wata ba fashi, sai mai gudu ya zuba wa allo ido ya manta da wanda ke gefensa. Agogon bugun zuciyar mai shi yake aunawa, bai san akwai kare ba. Alamomin a jikin karen suke: harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, yana neman inuwa, yana komawa baya, ƙafafu na tangaɗi. Ko ɗaya aka gani, gudu ya ƙare, ko me allo ya ce. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne kakar wannan gudu. Da bazara, sai dai da asuba kuma a taƙaita. A ɗora bayan hannu a kan yashi, in hannun bai jure ba, tafin kare ma ba zai jure ba. A ɗauki gorar ruwa ta mutum biyu. Kwikwiyon da bai shekara ba ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, dogon gudu zai illata shi. Bayan an dawo a duba tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya da tsidau da ƙaya, a duba kunnuwa saboda kaska. Kusa da garke kuwa a sa masa igiya, domin karen da ya tarwatsa tumakin makiyayi zai jawo rigimar da ta fi ƙarfin samari.

Kafin a sayi na'ura, a yi allura

Masu sha'awar kayan zamani za su tambayi na'urar bin sawun kare. AirTag na Apple da SmartTag na Samsung ba su da GPS, sun dogara ne da wayoyin kamfaninsu da ke wucewa kusa, kuma a dajin Illela zomo ya fi iPhone yawa. Abin wuya irin na Tractive yana da GPS, amma sai da sabis da kuɗin wata-wata. Na Garmin da mafarautan Amurka ke amfani da shi yana aiki da rediyo ba ruwansa da sabis, sai dai kuɗinsa ya ninka na wayar da ke aljihun yawancin matasa. Koya wa kare dawowa da fito ɗaya ya fi su duka arha, kuma cajinsa ba ya ƙarewa.

Kuɗin farko da ya kamata a kashe na allurar rigakafin ciwon haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Karen da ke shiga daji yana haɗuwa da karnukan da babu mai su, sannan ya dawo gidan da yara ke wasa. Ana fara yi masa allurar tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa rigakafin, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma tana da asibitin koyarwa na dabbobi. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Amfanin waya a nan shi ne ta riƙe hoton katin allurar, ta kuma tuna wa mai ita ranar ta gaba.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Matashin bana yana da abin da kakansa bai samu ba: taswira a tafin hannu, agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da hanyar kiran gida daga bayan gari. Yana kuma fuskantar abin da kakan bai fuskanta ba, wato dajin da ba kowa ne a cikinsa mafarauci ba, da na'urar da ke iya ba da labarinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Dabarar bana ita ce ya rufe taswirarsa, ya yi wa karensa allura, ya danna maɓallin farawa, ya jefa wayar a aljihu, sannan ya mai da idonsa kan kunnuwan da ke gabansa har su dawo gida.